Jitar Marigayi a Rumfar Mai Keke

A bakin wani layi mai gidajen haya an yi wani mai gyaran keke da ba wanda ke kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Ƙaramin-Aiki ake ce masa, domin duk abin da ka nuna masa, agogo ne, murhun gas ne, ko haƙorin da ke maka ciwo, kafin ka rufe baki ya ce ƙaramin aiki ne. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ɗaurin wayar ƙafar keke ya iya shi. Zai kifa keke ya juya ƙafar, ya riƙa ƙyasta wayoyin da farce yana kasa kunne. Wadda muryarta ta yi ƙasa ya ƙara mata ɗauri, har sai duk sun yi amo ɗaya, ƙafar ta daina layi. Iyakar abin da ya iya ke nan. Illarsa ɗaya, shi a ganinsa duniyar ma ƙafar keke ce.

Rumfarsa tana jingine da katangar gidan Mama Nas, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya, 'yar ƙaramar mace wadda ba ta maimaita magana. Ita ta ba shi wurin, saboda tausayin matarsa. Wuri ne mai kyau, ga inuwa, ga shi a kan kwana inda kowa ke wucewa. Mai faci da ke can ƙarshen layi cikin rana ya daɗe yana zawarcinsa. Kullum sai ya zo gaida Mama Nas, baki na gaisuwa, ido na kan rumfa.

Wata safiya Mama Nas ta fito rungume da wata doguwar baƙar jaka, ta tsaya jiran abin hawa. Ta daɗe a tsaye, gwiwa ta soma yi mata magana, ta zauna a bencin rumfar.

"Mama, tafiya za a yi ba sallama?" in ji Ƙaramin-Aiki.

"Jitar marigayi ce. Babban ɗana zai dawo ranar Asabar, shekarunsa nawa ba ya gida. Ya aiko da sababbin tsirkiyoyi, ya ce in kai shagon masu kayan kiɗa su ɗaura, yana so ya kaɗa abin ubansa a tsakar gidan ubansa."

Ta zuge jakar. Jita ce mai ruwan zuma, katakonta ya sha hannu har yana sheƙi. Tsirkiyoyinta goma sha biyu, an jera su bibbiyu, duk sun yi tsatsa. A kanta akwai kunnuwan da ake murɗawa, shida nan, shida can.

"Har sai kin ƙetare gari saboda wannan? Da wannan gwiwar taki?"

"Ka taɓa ɗaura wa jita tsirkiya?"

"Mama, ni da nake ɗaure waya talatin da shida a ƙafa ɗaya, sha biyu ce za ta ba ni tsoro? Ko rabi ba ta kai ba. Makaɗa da kansu suke sallama a rumfar nan, ba na dai son faɗi ne."

Mai aski da shagonsa ke manne da rumfar ya yi tari. Tun da aka kafa rumfar bai taɓa ganin makaɗi ya tsaya ba, sai wani da sarƙar kekensa ta zame.

Mama Nas ta dubi titi, ba abin hawa. Ta dubi gwiwarta. Sannan ta dubi Ƙaramin-Aiki irin kallon da take wa mara lafiyar da ya ce ya shanye maganinsa.

"Buɗe kunnenka. Da jitar nan baban yaran nan ya neme ni. Gidan nan ma bai kai ta a wurina ba. In ka ɓata ta, ka kwashe rumfarka daga jikin katangata."

"In na ɓata ta, Mama, ni da kaina zan ɗora rumfar a ka."

Tana shiga gida ya ɗauko filaya ya datse tsofaffin tsirkiyoyin duka, ƙat ƙat ƙat, ya watsa su kwata. Ya farke ledojin sababbin ya zazzage a faranti ɗaya, masu kauri da sirara suka cakuɗe.

"Da ka bar tsofaffin ka ga yadda aka jera su," in ji mai aski.

"Kai in za ka yi aski, tsohon gashi kake tambaya?"

Ya zura su yadda hannunsa ya kama, ya ɗan ja kowace, sannan ya ƙyasta su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce gum, wannan ta ce tin, waccan ta yi gurnani. Ya girgiza kai cikin takaici.

"Ka ji ɓarna. Kowace da muryarta, kamar matan haya a bakin famfo. Da ƙafar keke ce, ba za ta kai ka ƙarshen layin nan ba."

Mai aski ya ce, "Ni dai da nake ganin makaɗa a talabijin, kamar kowace tsirkiya da tata muryar. Da haka waƙa ke fita."

"Waƙa daga bakin mawaƙi take fita. Jita rakiya take yi. Ka taɓa ganin 'yan rakiya kowa na surutunsa?"

Ya zaɓi mafi sirantar cikinsu, wadda ke ƙara kamar sauro, ya ce ita ce mai gaskiya, sauran su biyo ta. Ya kama murɗa. Yana ɗaure wannan sai ya ji waccan ta saki, ya koma waccan sai ta farkon ta sauka. Wani zai tsorata, shi kuwa murna ta kama shi.

"Ka gani? Sak ƙafar keke. Ka ja nan, can ya saki. Wanda ya ƙera jita, mai keke ya yi wa satar fasaha."

Sirarar ba su yi gardama sosai ba. Masu kaurin ne suka ƙi hawa. Ya murɗa har yatsunsa suka yi ja, muryarsu ba ta ko kama hanya ba. Ya sa filaya a kunnen. Mai aski ya sunkuyo ya ga ikon Allah, tsirkiyar ta tsinke ta zabge shi a goshi, ta tafi da rabin girarsa.

"Ka ga abin da ka yi mini?"

"Wa ya ce ka kawo fuska ɗakin aiki? Kai da kake yi wa mutane kullum, yau an yi maka kyauta."

Kafin rana ta take, masu kauri huɗu sun tsinke. Ƙaramin-Aiki ya ce kayan yanzu ne ba su da aminci. Ya buɗe akwatinsa ya zaro wayar birki, wadda ko jaki aka ɗaure da ita ba zai tsinka ba. Ta ƙi shiga hudar kunnen, ya sa abin huda ya faɗaɗa. Ya murɗa da filaya, kan kunnen ya ɓalle a hannunsa. Ya nemo noti ya ɗaura a gurbin, ya koma murɗawa da sifana. Daga nan aiki ya yi masa daɗi, domin sifana ba ta gajiya.

Matarsa ta kawo masa abincin rana. Ta ajiye kwanon, ta tsaya tana kallon abin da ke kan cinyarsa.

"Baban yara, wannan ba jitar mijin Mama ba ce?"

"Ita ce. An kawo ta wurin masu abin."

"Wuyanta haka yake da can?"

Ya ɗaga ya hango. Wuyan da ya zo miƙe sambal ya soma sunkuyowa gaba, tsirkiyoyin sun tashi sama har ana iya zura hannu a ƙarƙashinsu.

"Ladabi take yi. Ta san hannun da ta shigo."

"Agogon ƙanena ma da ka gyara ladabi ya yi, har yau bai ɗago ba. Ka kwance wayoyin nan ka kai mata abinta tun da sauran mutunci. In ta kore ka daga nan, a inuwar wa za ka zauna? Ni dai ba za ka dawo mini tsakar ɗaki da giris ba."

"Ke da ko famfon keke ba ki iya bugawa ba, za ki koya mini sana'a?"

"Ban iya buga famfo ba, amma na san abu in ya kusa mutuwa."

Ta ɗauki kwanon jiya ta tafi.

Washegari labari ya kai ƙarshen layi. Sai ga mai faci ya baro tayoyinsa ya zo, hannu a baya, fuska cike da girmamawa. Shi da Ƙaramin-Aiki ko gaisuwar kirki ba sa yi, amma ranar har da rusunawa.

"Injiniya, aiki ya yi kyau. Ni tun da nake ban taɓa ganin jita mai ƙarfin wannan ba."

Ƙaramin-Aiki ya gyara zama. Ba wanda ya taɓa ce masa Injiniya sai shi kansa.

"Kai ka san aiki. Ba irin wasu masu gira ɗaya da rabi ba."

Mai faci ya kasa kunne, ya ƙyasta wayar birkin da ke can gefe. "Sai dai wannan kamar ba ta kamo 'yan'uwanta ba. Ko kunnena ne?"

"Ba kunnenka ba ne. Sifanar ce ƙarama."

"Ai ina da babba, ta tayar mota. Bari in kawo maka."

Da gudu ya je, da gudu ya dawo. Mai aski ya leƙo ya ce masa, "Kai dai Allah na ganinka." Mai faci ya ce shi taimakon maƙwabci yake yi.

Da babbar sifana ta hau, jitar ta soma magana da kanta. Ƙas. Can kuma ƙas. A fuskar jita akwai wani ɗan katako da aka manna, shi ke riƙe da gindin tsirkiyoyi. Shi ne ya fara ɗagowa ta baya, kamar ƙasan takalmin da ya sha ruwa.

"Tana kuka fa," in ji mai aski.

"Miƙa take yi. Shekara nawa tana kwance a jaka?"

Amma ya ga ɗan katakon na shirin tashi. Ya ce laifin masu gam ne, ba su san ƙarfe ba. Ya huda fuskar jitar wuri biyu, ya zura ƙusoshi masu noti da ya cire daga wani tsohon keke, ya zura hannu ta ramin tsakiya ya ɗaure tam. Wuyan kuma ya samo wani ƙarfen kariya na bayan keke ya shimfiɗa masa ta baya, ya bi shi da ƙusa. Jitar da yaro ke ɗauka da hannu ɗaya ta koma sai an yi nishi.

Ana cikin haka Mama Nas ta fito zubar da shara. Ya yi wuf ya rufa wa jitar buhu.

"Ina aka kwana? Mu gani."

"Haba Mama, ke ma a asibiti kuna barin dangi su shiga ɗakin tiyata?"

"Ba ma bari. Amma mu mun yi karatun abin."

Ta daɗe tana kallon buhun. Buhun ya ce ƙas. Ƙaramin-Aiki ya yi tari da ƙarfi ya rufe. Ta juya ta shiga gida, mai faci ya bi ta da sannu har ƙofa, ya karɓar mata kwandon shara.

Ranar Asabar da yamma aka jera kujeru a tsakar gidan Mama Nas. 'Yan haya suka fito, maƙwabta suka shigo, aka ajiye babbar kula cike da lemo da ƙanƙara. Ɗan Mama ya iso tun da rana, dogon mutum mai sanyin magana, furfura ta fara masa a gemu. Mai aski ya zo da hula ya ja ta har kan gira. Mai faci ya kama kujerar gaba. Matar Ƙaramin-Aiki ta tsaya kusa da ƙofa, inda fita ba za ta yi wuya ba.

Sai ga shi ya shigo cikin wankakkun kaya, rungume da jakar. Zif ɗin ya ƙi rufuwa saboda wuyan ya lanƙwashe, ya ɗaure bakin da robar taya. Sifana na leƙowa daga aljihunsa. Bai jira an ba shi dama ba ya tsaya a tsakiya.

"Jama'a, abin da zan nuna muku yau, ko kamfanin da ya ƙera jitar nan bai taɓa ganinsa ba. An kawo mini ita kowace tsirkiya na jayayya da 'yar'uwarta. Marigayi, Allah ya ji ƙansa, haƙuri kawai ya yi ta yi da ita."

Ya zare jakar. Jama'a suka miƙo wuya. Wata 'yar haya ta tambayi ta kusa da ita ko tarkon ɓera ne.

Ɗan Mama ya miƙe a hankali. Ya dubi notocin, ya dubi ƙarfen kariya, ya dubi wayoyin birki da bakinsu ya yi cirko-cirko a kan jitar.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ƙarfafawa ce, Yaya. Yanzu ko daga bene ta faɗo ba abin da zai same ta."

"Ina tsirkiyoyin da na aiko?"

"Masu rai suna nan. Raggwayen sun tafi."

"Bawan Allah, bibbiyu ake jera su, mai kauri da siririya a gefenta. Mai kaurin ta yi ƙasa, siririyar ta ɗauki muryar nan ta kai ta sama, shi ne daɗin jitar. Kowane biyu kuma da nasu amon. Ko da tsirkiyoyinta na gaskiya, Baba sassauta mata yake yi, don kada wuyan ya gaji."

Ƙaramin-Aiki ya yi murmushin tausayi, ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Sassautawa. Shi ya sa ta yi shekaru tana layi ba wanda ya sani."

"Miƙo ta nan. Kada ka taɓa komai, bari in saki wayoyin nan tukuna."

"Ka saki? Aikin da na yi da gumina? Tsaya ka ji da kunnenka, sannan ka yi magana."

Ya ja da baya, ya ɗora ƙafa a kan kujera, ya ɗora jitar a cinya, ya shara mata yatsa. Wata ƙara ta fito kamar an ja ƙofar kwano a kan siminti. Jaririn da ke bayan wata mata ya fashe da kuka. Ƙaramin-Aiki ya lumshe ido yana gyaɗa kai, sai kuma ya buɗe, ya ɗaure fuska. Wayar birkin can gefen har yanzu tana ƙasa da sauran.

"Injiniya," in ji mai faci a hankali, "kamar dai waccan ɗin ce."

"Na ji ta."

"Baban yara," in ji matarsa daga ƙofa, "ajiye sifanar nan."

"Ajiye," in ji Mama Nas.

"Rabin juyi ne kawai, Mama."

Ya ɗora sifana a kan noti ya danna. Wayar birki ba ta tsinke ba, ƙusoshin ma ba su saki ba, domin ya ɗaure su da gaskiya. Katakon ne ya gaji. Fuskar jitar gaba ɗaya ta ɓalle da wata irin ƙara, ta yi sama da notocinta da wayoyinta, ta faɗa cikin kular lemo, ruwan ƙanƙara ya wanke na kujerar gaba. Wuyan ya karye daga gindi ya naɗe. Ƙaramin-Aiki ya zame daga kujera ya zauna daɓas a ƙasa, rungume da ƙwaryar jita wadda ba fuska, sifana a hannu.

Wani ya soma dariya ta baya, ya ga fuskar Mama Nas, ya mayar da ita tari.

Ɗan Mama ya tsuguna ya tsamo fuskar jitar daga kula, ruwa na ɗiga. A gefen ramin akwai inda katakon ya ƙoƙe saboda yatsun ubansa. Ya sa babban yatsa a wurin.

Ƙaramin-Aiki ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Katakon ne ya tsufa. Ku gode wa Allah a hannuna ta fashe, da a hannun Yaya ne da yanzu ana asibiti. In aka samo mini gam mai kyau da falanki..."

"Kafin rana ta faɗi," in ji Mama Nas. Ba ta ɗaga murya ba. "Ko ƙusa ɗaya kada in gani a jikin katangata."

"Mama, a duba zaman tare."

Ta karɓi ƙwaryar jitar daga hannunsa, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Jama'ar da aka tara don jin kiɗa suka koma ƙofar gida kallon kwasar kaya. Ya loda akwati da famfo da tsofaffin ƙafafun keke a baro, matarsa ta ɗora benci a ka, ba ta ko dube shi ba. Mai aski ya jingina da ƙofar shagonsa ya ce, "A sauka lafiya. In an kafa sabon wuri a aiko mana, akwai wani da ke neman mai gyaran tabarau."

Bai kula shi ba. Ya kama baro ya tura, ya yi 'yan taku, sai ya ji ƙarar ƙarfe a bayansa. Mai faci ne, rigarsa ko bushewa ba ta yi ba, ya riga ya mirgino tayoyinsa inuwa, ya hau kan ɗaya yana kokawa da allon da ke saman rumfar, wanda aka rubuta wa Injiniyan Kekuna da Sauransu da jan fenti. Notin ya yi tsatsa, ya ƙi motsi.

Ƙaramin-Aiki ya tsaya. Ya ga mutumin na murɗawa ta inda ake ɗaurewa.

"Tura baro mu tafi," in ji matarsa.

"Dubi yadda ya riƙe sifana, don Allah. Zai cinye kan notin."

"Ina ruwanka? Wurinka ya ƙwace."

Amma ya riga ya saki baron. Ya koma ya ture mai faci gefe. "Sauka, ba haka ake yi ba. Ku matso ku gani, jama'a, ba kullum za ku samu mai nuna muku ba."

Ya hau kan tayar, ya ɗiga wa notin mai, ya kwance allon sunansa da hannunsa cikin gwaninta, yana bayani dalla-dalla. Mai faci na ƙasa ya harɗe hannu yana cewa, "Madalla, Injiniya. In ka gama, ga kwanon rufin ma."